Kofur Albasa da Kwanuka Goma Sha Bakwai

Shekara uku ke nan da Baffana ya tsaya gaban makirufo a zauren 'yan mazan jiya, cikin kakinsa da ya sha guga, ya gyara murya, ya warware takarda, ya karanta da muryar ta'aziyya: "Albasa, manya, guda shida."

Ranar tunawa da waɗanda suka kwanta dama a fagen fama ce. An yi shirun minti ɗaya, an ajiye furanni, saura karanta sunayen mutum goma sha bakwai na rundunarsu da ba su dawo ba. Wannan aikin Baffa ne tun ina firamare. Sai dai takardar da ke hannunsa ta cefanen matarsa ce, Inna. Ni na goge kakin, ni na ga takardu biyu a kan tebur, ni na zaɓi wadda ta fi tsabta na sa masa a aljihu. Har yau cewa nake iska ce ta hautsina su, a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa.

Tun daga ranar ya zama Kofur Albasa.

Baffa kuku ne a soja, shekara ashirin da biyu. Shi da bakinsa yake cewa sau ɗaya ya taɓa harba bindiga, a wajen horo, kuma allon harbin wanda ke kusa da shi ya samu. Washegari aka miƙa masa ludayi, aka ce ƙasa za ta fi zama lafiya a haka. Yana da lambar yabo guda, yana ajiye ta a gwangwanin shayi tare da maɓallai. In ka tambaye shi ta mece ce, sai ya ce, "Ta rashin kashe kowa da girkina. Su ma sun yi mamaki."

Abin da ba ya wasa da shi kwanuka ne. A daji, in mutanensu sun fita, shi ake bari da wuta da tukunya. In sun dawo ya zuba wa kowa. Kafin ofisa ya kira suna, shi ya riga ya san wanda babu, don kwanonsa na nan a kife. Da ya bar aiki ya buɗe ɗan shagon gyaran risho, amma duk shekara sati guda kafin taro sai ya rufe, ya zauna yana bitar takardar sunayen nan. Ba mu san dalili ba sai daga baya: sunayen sun fara zille masa.

To ranar albasa, wani a baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Baffa ya dubi layi na biyu, ya ga sabulun wanki ne, ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ni ina kujera ta uku, ina neman ramin da zan shiga.

Ya ce, "Jama'a, tsufa ya kwashe min sunayensu. Amma ni na ciyar da su, bari in faɗe su yadda na san su. Akwai dogon nan da ba ya cin gishiri. Akwai mai ɓoye burodi a cikin hula. Akwai wanda kullum sai ya ce min wake bai nuna ba, kuma ya dawo neman ƙari. Akwai mai jira kowa ya watse, ya zo ya kankare min gindin tukunya, wai ƙanzo ya fi nama."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasa yatsu, har goma sha bakwai. Bai tsallake kowa ba.

Samanja, shugaban kwamitinsu, mutum ne da ko atishawa bisa tsari yake yi. Bayan sati biyu ya kira zama, na raka Baffa don in riƙe masa sanda, ko in ce don laifi na cina.

"Kofur," in ji Samanja, "taron girmamawa muke yi, ba kicin ba. Baɗi za mu ba mai ido da ƙwaƙwalwa."

Baffa ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ni ma da ni ne kai, da tuni na kore ni." Yana dariya, amma na ga yadda yake murza bakin hularsa. A hanya da muna zuwa ya ce min in aka karɓe wannan, ya zama tsohon mai gyaran risho kawai.

Ana shirin ɗaga hannu a yanke hukunci sai wata mata ta yi sallama. Malamar asibiti ce, ta haura arba'in, duk shekara tana zama a layin iyalai.

Ta dubi Baffa ta ce, "Baba, wurinka na zo. Mai kankare tukunyar nan, yana da tabo a gira?"

"A ta hagu. Murfin tukunyata ne ya yi masa, yana sauri."

Ta zauna a benci ba tare da an ce ta zauna ba. "Ina ciki ya tafi. Shekara da shekaru ina zuwa ina jin sunansa, suna kuwa ina da shi a takardar haihuwata. Ban taɓa sanin yana son wani abu ba sai ranar nan." Ta yi 'yar dariya tana share ido. "Ni ma kullum ana yi min faɗa a kan gindin tukunya."

Samanja ya daɗe yana gyara takardun da ba su karkace ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mai ɓoye burodi a hula, rabinsa nawa ne, ni yake ɓoye wa."

Ba a ɗaga hannu ba. Yanzu Samanja ke kiran suna, Baffa ya bi da kwanon mai sunan, wato halinsa a wajen cin abinci. Taron ya ƙara minti ashirin, kuma layin iyalai ya ƙara benci biyu. Ni dai an sallame ni daga guga, Inna ta karɓi abinta.

Bana muna shiga zauren, Samanja ya tare shi a ƙofa. "Kofur Albasa, yau me ka kawo mana, tumatir?"

Baffa ya ƙame, ya sara masa, sandarsa ta faɗi na ɗauka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku da bindiga kuka sa mutane hawaye, ni da albasa. Nawa dai in an gama, zama ake yi a ci abinci."