Karanshaf Marar Lamba

Shekara ashirin da ɗoriya ina jiran mutumin nan, sai ga shi wata Talata da hantsi, an jawo motarsa da igiya kamar akuyar da ta ƙi zuwa kasuwa. Ina ƙarƙashin wani keke ina ɗaure birki na hango su. Motar na fara ganewa kafin mai ita: doguwar nan mai faɗin baya da ake haɗawa a Kaduna a da. Fara ce, amma kashin tsuntsu da ruwan mangwaro sun mai da ita wata kala. Shi kuwa ya ajiye tumbi, ya yi furfura, yana dogara sanda.

Lokacin da aka ba mu jiha, shi ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne a nan Keffi, ni kuma bakanike a wani babban gareji a Sabon Gari, ƙarƙashin maigidan da ya koya mini aiki tun da na bar firamare a aji huɗu. Ya kawo motar tana ƙwanƙwasa. Na sauke injin, na ciro karanshaf, wato sandar ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke juyawa a cikin injin, na kai aka goge shi. Na lura ba shi da lamba, ban damu ba, don na sha ganin irinsa. Wani fenti kawai ake ɗiga masa, mai ya wanke. Kafin in mayar na buga masa ɗigo uku da ƙusa. Haka maigidana ya koya mana: duk ƙarfen da ya bi ta hannunka ka sa masa shaida, in ya dawo ka san ɗanka ne.

Bayan 'yan watanni aka mai da mutumin Abuja. Can ya kai motar wani gareji mai tayil a ƙasa, inda makanikai ke sa farar riga kamar likitoci. Suka buɗe, suka ce babu lamba, ga kuma ɗigo uku, ai an sace masa na asali an sa masa na bola. Bai zo ya tambaye ni ba. Da 'yan sanda biyu ya zo, ya tsaya a tsakiyar gareji ya nuna ni da makullin mota ya ce, "Ga ɓarawon nan." Kwana biyu na yi a bayan kanta. Ba a bar ni na taɓa motar ba, balle in nuna gaskiyata. Da na fito, maigidana ya turo mini akwatin sifanuna da ƙafa, ko dubana bai yi ba. Har ya rasu ɓarawo yake ɗaukata. Na koma gyaran acaɓa, daga baya keke, a wata rumfa bakin kwata, ina kallon hanyar Abuja tana ƙara faɗi, waɗanda na koya wa riƙon sifana suna buɗe garejinsu.

"Sannu da aiki, Oga," in ji mai motar.

Oga! Na fito ina goge hannu. "Yallaɓai, keke ka kawo?"

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Autarsa za a ɗaura wa aure a coci nan da sati uku, matarsa kuma ta kafe sai a motar da aka kai ta gidan miji za a ɗauki 'yarta. Tun da mutanen Abuja suka sa masa nasu karanshaf mai lamba, motar ba ta ƙara lafiya ba, ya gaji ya jingine ta gindin mangwaro. Yanzu ya zagaya gareji ya fi a ƙirga, kowa sai ya ɗauko kwamfuta ya rasa inda zai jona.

"Sun ce kai kaɗai ka rage da ka san irin wannan injin."

"Ai ɓarayi ba ma mutuwa da wuri."

Na buɗe but ɗin motar. Injin a wargaje, ga karanshaf uku a buhu: mai lambar Abuja, da wani da ya saya wurin 'yan gwangwan, da wani a naɗe cikin tsohuwar jarida, takardar 'yan sanda har yanzu tana ɗaure da shi. Na murza babban yatsa a gefensa. Ɗigo uku.

Ni ba na karanta ma'aunin Bature. Zare na ɗauko na gwada tsawon gwiwar na 'yan gwangwan, ta gaza, na ƙaramin injin ne, na ture shi. Mai lambar na rataye da waya na buga masa sifana, ya ce ƙwas, kamar fasasshiyar tukunya. A tsage yake ta ciki. Na rataye nawa na buga, ya ɗauki ƙara kamar ƙararrawar makaranta, har mai kosan tsallaken titi ta ɗago kai.

Sannan na jawo filawil, faifan ƙarfen da ake ɗaurawa a gindin karanshaf. "An taɓa canza wannan?" Ya ce tun da ya sayi motar ba a taɓa ba. Na wanke fuskarsa da fetur, na wanke gindin nawa, na jera su a rana. Ƙarfe biyu in sun daɗe a manne, kowa yakan bar wa ɗan'uwansa tabonsa. Ga zane kamar jinjirin wata a wannan, ga shi a wancan. Ga rami, ga tudunsa.

"Sa tabaranka ka duba. Da wannan aka haifi motarka."

Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya kai hannu aljihu zai ciro kuɗi.

"Mai da hannunka. Inda ka tsaya ka ce ga ɓarawo, nan za ka tsaya ka ce ƙarya ka yi. In ba haka ba, amarya ta hau keke, ga su nan ina gyarawa."

"Haba Oga, a shekaruna? Mu yi ta tsakaninmu mana."

"Da ka zo da 'yan sanda tsakaninmu ka yi?"

Ya tafi. Kwana tara bai dawo ba, ni kuma ko ƙusa ɗaya ban taɓa ba. Ran na goma matarsa ce ta kawo shi, ta zauna a mota ta naɗe hannu.

Cikin waɗanda suka ga an tafi da ni, biyu suka rage: wani tsohon mai walda da idonsa ya mutu, da matar da ke sayar mana da tuwo. Ni na ɗauko su a keke. Na kuma kira ɗan maigidana, wanda ke riƙe da garejin yanzu. Mai motar ya tsaya a tsakiyar garejin ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Janareta na ƙara, Yallaɓai, ba mu ji ba."

Aka kashe janareta. Ya ce, "Mutumin nan bai sace mini komai ba. Ƙarya na yi masa."

Mai walda ya ce, "Wa ke magana? Maimaita, kunnen ma ya fara tafiya." Ya maimaita. Allah Ya saka wa tsohon nan, kunnensa lafiya lau.

Na haɗa injin, don motar ba ta yi mini laifi ba. Murɗawa ɗaya ta tashi. Ranar da ya zo ɗauka ya ce, "To Oga, ka yafe mini?" Na ce ya je makabarta ya gaya wa maigidana abin da ya gaya wa gareji, in ya amsa masa, ni ma na yafe.

Karanshaf mai lambar Abuja kuwa na hana shi tafiya da shi. Yana nan a rataye a bakin rumfata. Duk wanda ya tambaye ni na mene ne, sai in miƙa masa sifana in ce ya buga, sannan ya zauna ya ji sunan da aka kira ni da shi, da kuma wanda ya janye shi.