Ranar Da Muka Kalli Ƙwallo Daga Saman Mota

A shekarun da ake kashe sule da sisi, kafin a kawo naira, ina da shagon ɗinki a bakin kasuwar Kontagora, kuma ni nake ɗinka wa 'yan ƙwallon garinmu riguna. Saboda haka duk wata gardamar ƙwallo a kan bencin ƙofar shagona ake yin ta. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta kuɗin shiga. Da can a filin makaranta ake bugawa, kowa ya zo ya tsaya inda ya ga dama. Sai masu kula da ƙungiya suka kewaye filin da zana, suka ce taro-taro za a riƙa biya. Wasu suka ce ba su taɓa jin inda ake sayar da kallo ba, ko a dambe sai wanda ya ji daɗi yake yin kyauta. Wasu suka ce to ita ƙwallon da ake bugawa daga sama take faɗowa? Ni ina cikin masu cewa a biya, don na san rabin yaran nan ba takalmi suke shiga fili.

Akwai wani dattijo manomi daga Ibeto, Bakambare, wanda ɗansa ne golanmu. Duk ranar wasa a kan keke yake tahowa, ya jingine shi a shagona, ya biya taronsa ba tare da ya sa baki a gardamarmu ba. Ba ya zama tare da jama'a. Bayan raga yake tsayawa, ya riƙa yi wa ɗansa faɗa da Kambarci tun daga usur ɗin farko har na ƙarshe. Dukanmu Baba muke ce masa.

Wata shekara da kaka ƙungiyarmu ta yi ta cin wasa, har aka haɗa mu da wani babban gari a kudu da mu, inda jirgin ƙasa yake tsayawa. Takardar da suka aiko ta ce sisi ne kuɗin shiga. Muka yi shawara a kan bencin nan cewa ba za mu bar yaranmu su je su kaɗai ba. Wani direban babbar mota mai ɗaukar gyaɗa, wanda shi ma ƙwallo ta shiga jininsa, ya ce a ba shi kuɗin mai kawai. 'Yan wasa suka riga mu tafiya da kwana guda. Mu kuma ranar Asabar, ana idar da sallar asuba, muka cika bodin mota: teloli, mahauta, masu gyaran keke, wasu samari biyu da suka taho tun daga Rijau, da wani Bafulatani daga Bobi wanda ya bar wa ƙanensa shanu don ya zo. Baba ya sayar da kwanon dawa huɗu kafin ya samu na hanya. Aka ce ya shiga gaba kusa da direba, ya ce a'a, a baya ake hira.

Hanyar ba kwalta, ga ramukan da damina ta bari. Sau biyu muna sauka mu tura. Da muka tsaya sallar azahar a bakin wani rafi, Baba, da yake shi Kirista ne, ya zauna ya tsare mana kaya da gangunanmu.

Mun isa ana saura kaɗan a fara. Filinsu ba irin namu ba ne, da kwanon rufi aka kewaye shi, ya fi tsayin mutum. A bakin ƙofa wani mutum mai jar hula yana zaune da tikiti a kan tebur. Na miƙa masa sisi. Ya kalle ni, ya tura mini abina da ɗan yatsa.

"Sule biyu ne yau, Malam."

"Takardarku sisi ta ce," na ce, na zaro ta daga aljihu.

"Wannan ta wasan yau da kullum ce. Yau babban wasa ne. Ni ma umarni aka ba ni."

Muka koma gefe. Sai a lokacin muka lura ba mu kaɗai ba ne a waje. Mutanen garin da yawa suna tsaitsaye suna ƙunƙuni, su ma ƙarin ya zo musu ba zato. A cikinmu waɗanda za su iya biya ba su fi goma ba, ni ma ina ciki, kuma ba zan ɓoye ba, ƙafata ta fara ja na zuwa ƙofa. Wani mahauci mai ɗan hali ya kama hannun Baba.

"Baba, kai dai zo in biya maka. Ɗanka ne a ciki."

Baba ya zare hannunsa a hankali. Hausarsa tana da nauyi, amma ranar ba wanda bai ji shi ba.

"Na gode, ɗana. Amma tare muka tura mota. Idan na shiga na bar waɗannan a rana, me zan ce musu a hanyar komawa?"

Na mayar da kuɗina aljihu. Mahaucin ma ya mayar. Sai muka ji an busa usur a ciki, aka fara wasa babu mu.

Direba ne ya yi dabara. Ya zaga ya dawo, ya ce akwai hanyar mota a bayan filin, daidai ragar da golanmu yake tsaro. Ya tayar da mota, ya yi baya da ita har ta kusa taɓa kwanon. Muka hau, wasu a kan katakon bodi, wasu a kan rufin gaba. Sai ga fili gaba ɗaya a gabanmu, ga yaranmu cikin korayen rigunan da na ɗinka da hannuna. Muka ɗaga Baba muka zaunar da shi a wuri mafi tsayi.

Mai jar hula ya taho da ɗan sanda, yana nuna mu yana cewa satar kallo muke yi. Ɗan sandan ya zaga motar, ya duba tayoyinta, ya ce shi dai a kan hanya ya ga mota, kuma bai san dokar da ta hana mutum zama a kan motarsa ba. Ya juya ya tafi abinsa.

Mutanen garin da ke ƙasa suka yi ta ɗaga kai suna kallonmu. Bafulatanin Bobi ya miƙa wa wani tsoho hannu.

"Hau mana, Baffa. Ai wurin zai ishe mu."

Cikinmu akwai wanda ya ce abokan gaba ne fa. Direba ya ce a cikin fili ne ake gaba, a kan motarsa kuwa shi ke da iko. Kafin hutun rabin lokaci motar ta cika maƙil, mu da su a cakuɗe. In sun kai hari su yi ihu, in mun kai mu buga ganga.

Su suka fara ci. Yaranmu sun yi sanyi, don sun duba cikin fili ba su ga fuska ko ɗaya daga gida ba. Sai Baba ya buɗe murya da Kambarci. Golanmu ya waiwayo, ya ɗaga kai, ya ga ubansa a sama. Na ga ya dafe kai da hannu biyu, sannan ya juya yana yi wa 'yan'uwansa ihu yana nuna mu. Daga nan wasa ya canja. Bayan hutu, da aka sauya raga, muka rama daidai ƙarƙashin motarmu, har wani mai gyaran keke ya faɗo ƙasa don murna, ya tashi yana ɗingishi ya sake hawa. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba su fenariti. Yanzu golanmu yana can ɗaya gefen, nesa da mu. Baba ya riƙe kafaɗata har sai da na ji zafi. Yaron ya yi tsalle hagu ya doke ƙwallon waje. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

'Yan wasanmu ba su bi ta wajen manyan baƙi ba. Kai tsaye suka fito suka zago bayan fili, gumi na zuba, suka yi ta miƙo mana hannu. Golan ya durƙusa ya gaida ubansa. Baba ya ce masa ƙwallon da aka ci shi laifinsa ne, ya fito da wuri.

Tsohon da aka ba hannu ya hau ashe mai unguwa ne. Ya hana mu tafiya sai da aka kawo mana doya da manja daga gidansa, muka ci a gindin mota.

Da lokacin ramuwa ya zo, su ma mota guda suka cika suka taho Kontagora. Kafin ranar mun riga mun je wurin masu kula da ƙungiyarmu, har da waɗanda a da suke cewa a biya, muka ce duk wanda ya sha wannan hanyar don ya ga yaransa ba za a karɓi ko kwabo a hannunsa ba. Suka ɗan ja, daga baya suka yarda. Ni aka tsayar a bakin ƙofa. Na ɗaga musu zana suka shige ɗaya bayan ɗaya, mai unguwar yana gaba. Muka ci su biyu ba ko ɗaya, kuma a gidajenmu suka ci tuwo kafin su kama hanya.