Takarda Mai Jan Hatimi

Babana filas ɗin shayi yake sayar wa alhazai a wani ɗan shago a unguwar Bani Malik ta Jidda, irin mai hoton fure ɗin nan da ake ƙerawa a ƙasar Sin. A lokacin masana'antar ta gwamnati ce, kuma gwamnatin ke yanke ko nawa za a ƙera da wanda za a ba. Duk shekara kafin aikin hajji sai takarda ta iso da jan hatimi: ga kasonka, ga farashi, ga ranar isowar jirgi. Baba ya zura farar jallabiya ya nufi tashar jiragen ruwa yana taƙama, sai ka ce shi ya ƙera jirgin.

Daga baya gwamnatin Sin ta canza tsari, aka sayar da masana'antar. Jami'in da ke sa hannu a takardun Baba shi ya saye ta, ya zo Jidda da ƙafarsa tare da tafinta, har cikin gidanmu. Ya ce yanzu ba kaso, ba takarda. Ko kwantena goma Baba ke so, su daidaita farashi a tsakaninsu kawai. Baba ya tambayi hatimi, mutumin ya yi dariya.

Da suka fita Baba ya dube ni ya ce, “Ya binti, 'yata, kayan gwamnati ba hatimi? Sata ce wannan. Khalas, magana ta ƙare, ba da ni ba.”

Maƙwabcinmu, wani Bahaushen Sudan, shi ya karɓi tayin washegari. Yau shagunansa huɗu.

Na yi wa Baba bayani har na gaji. Na ce, “Baba, ba sata ba ce, kasuwa ce, duniyar ce ta juya.” Ya ce gwamnati ba ta mutuwa, takarda za ta zo. Shekara da shekaru yana leƙa akwatin wasiƙa, shago yana bushewa. Kafilinsa, Balaraben da ke tsaya masa a wurin hukuma, mutumin kirki ne, ya yi ta sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, har kafilin ya rasu. Ɗansa da ya gaje shi ya ce ba zai riƙe mutum a kan shagon da babu komai ciki ba.

A Jidda aka haifi Baba, a nan aka binne iyayensa da mahaifiyata. Amma ba iƙama, ba zama. Mako mai zuwa zai tafi Kano, garin kakanninsa da bai taɓa gani ba. Wallahi ina jin haushinsa, kuma idan na dube shi sai tausayinsa ya kama ni. Ni aure ya ɗaure ni a nan, ba zan iya binsa ba.

Jiya na saya masa filas na guzuri a shagon maƙwabcin nan. Ya juya shi, ya shafa furen, ya ce, “Shi ne, bai canza ba.” Sai ya miƙo mini.

“Mayar masa. Ga makullin akwatin wasiƙa, ki riƙa dubawa. In takardar ta zo, ki aiko min Kano.”