Shekarar da Shadliya Ta Bar Yaɓe

A Matmata, can kudancin Tunisiya, haƙa gida ake yi. A fafe rami mai faɗi ya zama tsakar gida, sannan a huda ɗakuna a jikin bangonsa. A irin wannan gida aka haifi Shadliya, a irinsa aka kai ta aure, kuma ɗakin da ta tsufa tana kwana a ciki, mijinta Sadok ne ya haƙa shi da hannunsa kafin a ɗaura musu aure. Har tsufanta, in ta shafa rufin tana jin sawun digarsa.

Sadok ya riga mu gidan gaskiya. Ɗansu Munsif ya koma sabon gari inda aka jera gidajen bulo, maƙwabta ma suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ita ta ce ba inda za ta.

Gidan ƙasa hidima yake so. Kowace shekara kafin ruwan farkon sanyi, sai a ta da kunyar ƙasa a kewaye bakin ramin daga sama don ruwa ya kauce, a cike tsagogin bango da yumɓu, a bi da farar ƙasa. Shadliya ba ta taɓa tsallake shekara ba, ko shekarar da take takaba.

Sai Lutfi ya shigo rayuwarta, jikan wata ƙawarta, mai jan motar 'yan yawon buɗe ido. Ya riƙa sauke mata baƙi da hantsi. Ta zauna gaban dutsen niƙa tana juya sha'ir, ta miƙa musu gurasa mai zafi da man zaitun da zuma, su yi ta ɗaukar hoto suna yarensu. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma gidan da ya daɗe shiru ya sake cika da muryoyi, kuma ta saba da hakan fiye da yadda take so ta yarda.

Wata rana ya tarar tana kwaɓa farar ƙasa a bokiti.

"Gwaggo, me zan gani? Amarya za a kawo?"

"Kakarka za a kawo. Matsa min, kana taka min yumɓu."

"Ki rufa min asiri. Bara da kika shafe bangon nan fari fat, wani Bajamushe cewa ya yi asibiti na kawo su. Mutanen nan tsufa suka biyo, Gwaggo. Tsaga suke so su gani, da baƙin hayaƙi."

"In tsufa suke nema, ba ga ni ba?"

"Ke ai yarinya ce, ni ma jira nake ki ba ni dama. Ga kunyar can ta sama, a daidai nan suke tsayawa su ɗauko hoton tsakar gida. Jiya saura kaɗan wata ta kifa."

"Da ta duba gabanta."

Lutfi ya sosa ƙeya, ya rage murya. "Maigidana ya ce in gidan ya sake yin sabo, in riƙa kai su gidan da ke bayan tudu. Can ba a taɓa bangon ba tun da aka tashi."

"Ai can ba kowa, ɗan nan. Ɓeraye ne za su ba su gurasa?"

Ya yi dariya ya tafi. Ita ta daɗe tana kallon bokitin. Ta tuna yadda hantsi yake kafin zuwan motar, ba abin da take ji sai kukan akuya da tarinta. Daga ƙarshe ta jawo wani tsohon buhu ta rufe bokitin.

Da Munsif ya kawo mata cefane, ya tsaya tsakar gida yana bin bango da ido.

"Inna, ba ki yi yaɓe ba?"

"Baɗi."

"Baba da yana raye—"

"Ubanka yana kabarinsa, bar shi ya huta. Ka kawo min ganyen shayin?"

Shekarar nan ruwa bai yi wani abin kirki ba, ta gaba ma haka. Takalman baƙi suka murje kunyar har ta koma daidai da ƙasa. Tsagar da ke saman ƙofar ɗakin Sadok ta buɗe har hannu yana shiga, baƙi kuwa nan suka fi son tsayawa hoto. Lutfi yakan nuna tsagar da alfahari kamar shi ya yi ta.

A shekara ta uku, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas. Shadliya tana ɗakin girki lokacin da ruwa ya fara zubowa ta bakin ramin, jajawur, ta kowane gefe. Ta fito da kwano tana kwasa, abin da ta san ba zai yi amfani ba. Sai ta ji wani sauti mara ƙarfi, kamar an sauke buhun hatsi daga kan jaki. Ta waiwaya. Inda ƙofar ɗakinta take, laka ce tsibi guda. Gadonta yana ciki, da akwatin aurenta, da alkyabbar Sadok.

Munsif ya zo a jiƙe sharkaf, ya goya ta kamar yarinya ya fitar da ita. Bai ce ai na faɗa ba. Da ma ya faɗa, da ta sami wanda za ta yi wa faɗa.

A sabon gari surukarta ta ba ta ɗaki mai taga, ta yi mata duk abin da ya kamata. Amma bangon bulo ba ya tare sanyi, ba ya tare zafi, kuma ta cikinsa ana jin rigimar maƙwabta. Ta roƙi Munsif ya kai ta ko da ganin gidan ne. Ya rantse ba zai kai ta inda ƙasa za ta rufta mata ba. Ƙafafunta kuma ba za su iya tafiyar ba.

Sai da sanyi ya wuce Lutfi ya iya zuwa gaishe ta. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, yana juya makullin mota a hannu.

"Gwaggo, ki yafe ni."

"Kai ka riƙe min hannu? Tashi, kana tare min haske."

Bai tashi ba.

"Akwai magana a bakinka," in ji ta. "Fito da ita, kar ta kashe ka."

"Har yanzu muna tsayawa a can. Sun ma fi son gidan yanzu, wallahi kunyar faɗi nake ji. To maigidana ne ya ce kango in ba mutum a ciki bai cika ba. Wai ko za ki riƙa bin mu, ki zauna a tsakar gida da tsofaffin kayanki, nesa da bango. Sa'a guda, in dawo da ke. Na ce masa ba za ki yarda ba. Na ce zagina za ki yi har kakannina."

Ya ɗago ido ya dubi Shadliya.

"Ɗakin girkin yana nan?"

"Yana nan, Gwaggo. Rabinsa."

Ta jawo mayafinta ta gyara a kafaɗa.

"Kar ka gaya wa Munsif. Da ƙarfe nawa motar take wucewa?"