Sunan da Ƙanena Ya Ƙi Faɗa a Wasan Malam

A ƙarshen shekarun tamanin shagon ɗinkina yana Rogo Sabon Gari, kuma da rani aiki ba ya yawa sai gab da salla. Bayan la'asar mu huɗu muke zama a bakin shagon: ni, da ƙanena da muke ciki ɗaya, da mai facin keke na kusa da ni, da wani malamin firamare da aka turo mana daga Karaye.

Malamin ne ya kawo wasan, ya ce a kwaleji ya koya. Ba dara ba ce, ba karta ba. Shi yake ba da labari, mu kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya a ciki ya zama shi, ya riƙa faɗin abin da zai yi. In abin mai wuya ne, kamar tsallake kogi ko kokawa da ɓarawo, sai a jefa ƙwayar ludo. Ɗigo mai yawa ka yi nasara, kaɗan ka sha ƙasa. Kowa yana da fallen takarda da aka rubuta halin mutuminsa.

Ni maharbi na ɗauka. Mai faci ya ɗauki ɗan dambe, shi da ko taya ba ya iya ɗagawa sai da nishi. Ƙanena kuwa ya ce shi tsohon makiyayi ne mai ɗingishi, ɓarayin shanu sun tafi da ɗan farinsa, yana nemansa.

Daminar da ta wuce ƙyanda ta ɗauke wa ƙanena ɗan farinsa, yaro ɗan shekara biyu. A gidanmu, kamar yawancin gidajen da ke da jinin Fulani, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ya mutu ba ya kuka. Ƙanena ya yi duk yadda aka koya mana. Ni na ɗauki gawar zuwa maƙabarta, amma da ya faɗi mutumin da ya zaɓa, ko kusa ban haɗa abin ba.

Ni so nake in ci wasa. Shi kuwa duk wanda tsohonsa ya tarar a hanya sai ya tsaya gaisuwa, ya tambayi gida da shanu da ruwan rijiya. Mutumin da a gida ba ka jin kalma goma a bakinsa, a nan sai ya yi ta magana da muryar tsoho, har yana dafa gwiwa in zai zauna.

"Malam, jefa mana ƙwaya," nakan ce. "Gaisuwar nan ta isa haka."

"Bar Baba ya huta," in ji mai faci, "da ƙafa ɗaya da rabi yake tafiya."

Wata rana malamin ya ja ni gefe ya ce masu wasan nan iri biyu ne: wani yana so ya ga ƙarshen labari, wani yana so ya san wanda ya zama. Na ce masa turancin kwaleji ne.

Mun yi makonni a labarin kafin muka isa garin da aka tsare yaron. Malamin ya gyara zama, ya zama mai gadin ƙofa.

"Tsoho, wa kake nema? Faɗi sunansa in fito maka da shi."

Ko ƙwaya ba a buƙata, kalma ɗaya ce mu gama. Ƙanena ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, yaron gidana ne. Yana da tabon ƙuna a hannun hagu. In ya yi dariya yakan rufe ido."

"Sunansa na tambaya."

"Ba ya shan fura sai an sa masa a murfin kwano."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai, takarda ce fa! Wace irin kunya ce a takarda?"

"Yaya, tsohon ba zai iya ba."

"To ni zan iya."

Na fizgi fallensa, na ga wurin sunan yaron ba a rubuta komai ba. Sai na kira sunan da ya fara zuwa bakina, da ƙarfi, ina dariya. Sunan ɗansa da ya rasu ne. Sai da sunan ya fita daga bakina na ji shi, kuma a lokacin na tuna tabon hannun hagun, wanda na gani da idona ranar da aka yi wa yaron wankan gawa.

Ƙanena ya sa takalmansa. Ya ce, "Yaya, sai da safe," rana ko ja ba ta yi ba.

Bai sake zama da mu ba. Malamin ya gaya mini cewa tambaya ɗaya ta rage masa, daga nan mai gadi zai yarda da kwatancen ya fito da yaron, ya bar tsohon ya ɗauke shi a gabanmu. Ya ce tun makon farko ya gane inda ƙanena ya dosa. Bayan girbi aka mayar da malamin wata makaranta, ƙanena kuma ya koma Falgore wurin surukansa yana noma.

Na yi shekara shida ina cewa shi ne ƙarami, shi zai zo. Da na gaji na hau keke na je. Na tarar da shi yana gyaran rumbu. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na ce na zo ne a kan maganar wasan nan.

"Wane wasa, Yaya?" Ya miƙo mini ruwa.

Na sha, na hau kekena. Haka muka ci gaba da haɗuwa a suna da ta'aziyya, gaisuwa kawai, har Allah Ya karɓi ransa.

Fallen takardarsa yana cikin aljihun keken ɗinkina. Idona ya yi rauni, na daina ɗinki, rubutun ma ba na iya karantawa. Wurin da ya bari babu rubutu kawai nake ganewa.