Tafiyar da Ta Ci Babbar Rigar Kawu Sale

Bacirawa

Ladan bai gama kiran assalatu ba na fito daga gida, jaka a kafaɗa, ciki ba komai sai ruwan randa. Shekarar nan ce da fetur ya yi tashin gwauron zabi, kwanon masara ya gagari mai albashi, balle irina da ya gama kwaleji ya nemi aiki har takalminsa ya huje. A irin wannan shekarar ce ni Sadisu na ga ya dace in zama mai shirya fim. Na rubuta labarin wani attajiri da ya kulle hatsi a sito mutane suna kwana da yunwa, na raɗa masa suna Alhaji Kulle. Labarin yana bukatar gonaki, gonaki kuwa akwai su a Kukar Malam, ƙauyen su Ummata a ƙasar Tsanyawa, inda yayanta Kawu Sale yake.

A bakin titi na tarar da abokan tafiyata. Ɗanliti, mai ɗaukar bidiyon biki, ya rungume kyamararsa kamar jaririn da aka haifa bakwaini. Sai Baba Iro, tsohon ɗan wasan daɓe, wanda a zamaninsa sai an yi layi kafin a kalle shi, yanzu kuwa maganin basir yake tallatawa da lasifika a tasha. Shi zai fito a Alhaji Kulle.

"Yaro, kafin in hau motar nan, sharaɗina ɗaya ne," in ji shi. "Duk inda labarinka ya ce Alhaji ya ci abinci, abincin gaske za a kawo. Na wuce shekarun tauna iska."

Na ce na yarda. Ai alƙawari ba ya cin mai.

Muka sami wata hayis da ta ga jiya ta ga yau. Kuɗin mota ya ninka na bara, kujerar mutum huɗu kuma ta koma ta biyar, wai don a rage wa talaka raɗaɗi.

Dawanau

Gari ya fara haske muka iso Dawanau. Direbanmu, Malam Ubale, ya tsaya wajen 'yan bumburutu ya sayi galan ɗaya, ya tsaya a kansa har ɗigon ƙarshe ya shiga tanki, sannan ya girgiza mazurarin. Ta taga muna kallon manyan motoci maƙare da buhuna, ga sito-sito a jere kowanne da kwaɗonsa. Wata dattijuwa da ke gefena, riƙe da kazar da za ta kai kasuwa, ta yi tsaki.

"Ka ga abinci kamar a mafarki. Ido ya ƙoshi, ciki yana kallo."

Da muka kama hanya sai Malam Ubale ya ɓullo da wata dabara. Ya taka mota ta ɗauki gudu, sai ya kashe inji, mu yi ta sulalawa shiru kamar masu zuwa sata, sai ta kusa tsayawa ya sake kunnawa. Na ce, "Malam direba, ai wannan sai a gangara." Ya ce, "Ɗan samari, ƙasar gaba ɗaya gangarawa take yi, ba ka ji a jikinka ba?"

Shinge

Kafin Bici muka ci karo da shinge. Wani mai kaki ya leƙo, idonsa ya sauka a kan kyamara.

"'Yan jarida ne?"

"Allah ya tsare, ranka ya daɗe," in ji Baba Iro. "'Yan fim ne."

Nan take fuskarsa ta saki. Ya ce shi ma tun yana yaro ake cewa yana da fuskar fim, ko akwai gurbin da za a sa shi? Baba Iro ya dube shi sama da ƙasa ya ce akwai gurbin jami'in da ba ya karɓar ko sisi a hanya, kuma tunda muka fito muke neman wanda zai iya. Mutumin ya dubi hannun direba da ya riga ya miƙo, ya dubi kyamara, sai ya gyara hula ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye hanya. Da muka yi nisa, Malam Ubale ya tambayi Baba Iro ko yana sha'awar bin mota kullum.

Bici zuwa Tsanyawa

A Bici galan ɗin ya ce ga garinku nan. Maza muka sauka muka tura mota har gindin wata darbejiya, direba ya tafi neman mai da jarka. Muka karya da ƙosai. Ƙosan shekarar nan kamar maɓallin riga yake, sai ka jefa uku a baki kafin harshe ya san an yi baƙo.

Sai azahar muka shiga Tsanyawa, tafiyar da a da ake yi kafin shayi ya huce. 'Yan acaɓa suka faɗi kuɗin da ya sa Ɗanliti ya tambaye su ko har da babur ɗin za a bar mana. Allah ya taimake mu da wani mai amalanken shanu da zai koma Kukar Malam, ya ce mu hau, ladan ya ishe shi.

Ana tsakiyar marka. Gero da dawa sun rufe ko'ina, gona na bin gona har jikin katangar gidaje, ba ka gama wuce wani ƙauye sai ka hango rumbunan na gaba. Sai dai rumbunan wofi ne, geron kuwa bai nuna ba. Ko'ina kore shar, amma matan da muke wucewa tafasa suke tsinka a bakin hanya.

Kukar Malam

Kakata Inna Yalwa ce ta fara ganina. "Ga mijin nawa ya zo hannu rabbana! Wannan ramar fa? A birnin ma ba ku ci?" Na ce ai ramar so ce, ita ta jawo. Ta ce in rufa mata asiri, ta fi ƙarfin miji mai kafaɗa kamar maratayin riga.

Sai ga Kawu Sale. Duk ƙauyen kowa ya zabge, shi kaɗai wuyansa ya yi ninki. Yana tafe yana kaɗa makullai a aljihu, in an yi maganar tsada sai ya lumshe ido ya ce, "Ai sai haƙuri, kowa yana ji a jikinsa." A bayan gida na ga sabon ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ya ce takin zamani ne a ciki. Ni dai ban kawo komai a raina ba. Baba Iro ne na ga ya zuba masa ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

Da la'asar muka fita gona gwajin kyamara. Ɗanliti ya danna, ya sake dannawa, ya ciro batir ya goga a cinya ya mayar. Shiru. Ashe unguwarsu ta kwana biyu ba wuta, ya taho da niyyar ya yi caji a nan. Muka ruga shagon mai caji, muka tarar kaza ta yi ƙwai a kan janaretansa.

Na zauna a kan kunya na dafe kai. Wata da watanni ina rubutu, na yi wa duk Bacirawa shelar cewa na tafi ɗaukar fim. Hawaye ne kawai ban yi ba, shi ma don Ɗanliti yana kallo.

"Tashi, kai," in ji Baba Iro. "Kafin a haifi kyamara muke wasa. Akwai fili, akwai mutane, akwai yunwa. Me kuma kake nema? Gobe wasan daɓe za mu yi. Ka samo mini babbar riga kawai."

Inna Yalwa na tambaya, bayan na ba ta labarin wasan tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta shiga ɗaki, ta fito da wata shuɗiyar shadda mai aiki har ciki. Ta ce tsohuwar riga ce, ba mai sawa. Ƙarya take yi. Rigar Juma'ar Kawu ce.

Ranar wasa

Bayan la'asar aka cika gindin kukar da ke bakin masallaci. Maza a gaba, mata daga baya a jikin danga, Kawu a kan kujerar roba kusa da mai unguwa, don shi ne mai masaukin baƙi. Ni na fito a manomin da abinci ya ƙare masa, Ɗanliti kuma mai yi wa Alhaji fifita.

Baba Iro ya fito daga bayan kuka da filo a ciki. Tun daga takunsa na ga abin ya sauya. Ba tafiyar da muka gwada ba ce. Yana tafe yana kaɗa makullan da ya aro wajen mai facin keke. Aka ajiye masa tuwon da Inna ta tuƙa, ya zauna ya cinye shi tas a gaban jama'a, ba gaggawa, har da suɗe kwano, ni kuwa ina durƙushe ƙafata ta yi tsami. Sannan na faɗi abin da na rubuta: Alhaji a taimaka mini da kwano ɗaya, yara sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

A rubutuna, Alhaji zai daka mini tsawa ne. Baba Iro sai ya yi gyatsa, ya lumshe ido, ya ce cikin sanyin murya, "Ai sai haƙuri, kowa yana ji a jikinsa."

Sai wani tsoho ya fashe, daga nan dariya ta ɓarke. Har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Ana cikin haka wata murya ta taso daga wajen mata. Talatu ce, wadda mijinta ya rasu da rani ya bar mata 'ya'ya.

"Wallahi haka ya ce mini! Shekaranjiya na durƙusa masa kamar yaron nan, haka ya ce mini!"

Ita ba dariya take ba. Kuka take, tana share ido da bakin mayafi. Dariyar mutane ta mutu a maƙogwaro. Ni da ke durƙushe na manta da sauran maganata gaba ɗaya, don a lokacin na gane ko rigar waye, da kuma ko wane irin taki ne a bayan ƙofar ƙarfe.

Baba Iro bai saki ba. Ya juyo ya ce, "Ku gaya mata ba zan buɗe sito ba sai farashi ya ninka uku!"

Kawu ya miƙe zumbur, kujera ta kife. "Ƙarya kake yi, tsohon banza! Ni ban taɓa cewa uku ba! Cewa na yi sai ƙarshen marka!"

Ya gama faɗa kafin kunnensa ya ji abin da bakinsa ya yi. Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Daga can baya aka ji guɗa, kuma ko a mafarki na san muryar Inna Yalwa.

Wasa bai kai ƙarshe ba. Tuwon dare ma bai iso ɗakin baƙi ba. A wajen Inna muka ci kwaɗon tafasa, ina ci ina tunanin da wane ido zan kalli Umma, tunda na zo garinsu na tsige yayanta a gaban masallaci.

Washegari

Da sassafe Inna ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofar ƙarfen nan, ta zauna da carbinta. Aka kawo mata koko ta ture. Ta ce ba abin da zai shiga cikinta sai abin da ya shiga cikin 'ya'yan Talatu. Kawu ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo misalin asarar da zai yi.

"Sale," in ji ta, "kai na haifa ko buhu?"

Hantsi ya ɗaga kafin ya ciro makullan. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya tuba ba. Ya buɗe yana ƙunƙuni, ya sayar a farashin kaka yana ƙunƙuni, ya ja wasu buhunan can ƙurya ya ce iri ne. Amma Talatu ta fita da ƙwarya cike a ka ba ta biya ko kwabo ba, kuma kafin azahar ƙarar turmi ta tashi a gidajen da aka daɗe ba a ji ta ba.

Muna shirin tafiya yara suka wuce ƙofar gida suna rera "Alhaji Kulle, Alhaji Kulle". Kawu ya shiga ciki ya fito da shuɗiyar rigar a dunƙule, ya wurga wa Baba Iro.

"Ɗauki tsiyarka, ai ka kashe ta. Kuma ni ba haka nake tafiya ba." Ya juyo kaina. "Kai kuma Sadisu, kada in ga ƙafarka a gidan nan da sallah."

Na durƙusa na ce Allah ya huci zuciyar Kawu. Ya wuce, da irin tafiyar nan sak.

Komawa gida

Da ƙafa muka fito Tsanyawa, muka hau bayan akori-kura tare da awaki. Ruwa ya kama mu a Bici, muka lulluɓe kyamarar da ba ta ɗauki komai ba, mu muka jiƙe. Ana kiran magariba muka sauka a Bacirawa.

Labari ya riga ni isowa ta waya. Na tarar da Umma a tsakar gida, fuska a murtuke.

"Sannu, mai fim. An aike ka gaida dangi ka je ka kwance wa yayana zani a kasuwa."

Na fara rantse-rantse cewa ban san komai ba. Ta ɗaga hannu.

"Tashi ka gwada mini yadda tsohon ya yi."

Na tashi, na tura ciki gaba, na lumshe ido, na faɗi maganar. Umma ta cije leɓe, ta kau da kai, sai ta zube a kan turmi tana dariya har da riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta ce, "Tun muna yara haka yake. In aka raba mana nama, sai ya ɓoye nasa a hula, sai mun cinye namu ya fito da shi yana ci muna kallo."

To, alhamdu lillahi, mun je lafiya mun dawo lafiya. Ina godiya ga mai amalanke, da Inna Yalwa wadda ita ce ainihin mai shirya wasan, da batirin Ɗanliti da ya mutu a kan lokaci. Kawu Sale kuma, Allah ya saka masa da alheri. A duk 'yan wasan da na yi aiki da su har yau, shi kaɗai ne ya faɗi maganarsa daidai ba tare da an gwada masa ba.