Malam Sahabi da Hayaƙin Argungu

Duk wanda ya san Malam Sahabi ya san ba ya wuce dutse bai lasa ba. Kuna tafe daga Badariya za ku masallacin Juma'a, sai ka waiga ka ga babu mutum. Yana can baya a tsugune da babbar riga, ya tsinci tsakuwa, ya goge a hula, ya kai baki. Wai da harshe ake gane asalin dutse. Ni taubashinsa ne, ni ne kuma direban motar makarantar da ya koyar da labarin ƙasa, don haka na sha kunya a kansa fiye da matarsa. Aji huɗu na tsaya a boko, shi ya sa yake kirana Aji Huɗu har a gaban surukaina. To, da ajin nawa huɗu dai ban taɓa cin ƙasa ba.

Ranar walimar auren 'yata ya tauna tsakuwa a shinkafa, ƙarar har tabarma ta uku. Ya fito da ita, ya duba a rana, ya sa a aljihu, sannan ya shaida wa dangin ango cewa an cuce mu: an ce mana shinkafar Zauro ce, alhali wannan tsakuwa ba ta taɓa kwana a fadamar Zauro ba. Haƙorin da ya fashe ko maganarsa bai yi ba.

Amma babban ciwonsa shi ne dutse mai aman wuta. Kowace shekara sai ya zana shi a allo da jan alli, kowace shekara kuma yara su tambaye shi ko ya taɓa gani. Bai taɓa ba. Mu da ƙasarmu fadama da albasa, ina za shi gani? Shugaban makaranta ya gaji, ya fara zancen karɓe ajin, tunda zango guda ake ƙarewa a kan wani dutse mai aman wuta da ke Kamaru. Shi kuwa burinsa ɗaya: ya tsaya gaban abin nan da ɗalibansa, ya nuna da yatsa.

Bayan wata ambaliya sai wani masunci ya ce masa ƙasa na hayaƙi gaba da Argungu. Shugaba ya yarda a je, da sharaɗin in ba a ga komai ba Malam zai miƙa aji. Muka cika mota da 'yan aji shida, kowa da kwanon abincinsa a kife a ka, saboda duwatsun da za su zubo daga sama. Ni ma an ba ni, na ce hulata ta ishe ni mutuwa.

Muka isa. Ga baƙin tudu, ga hayaƙi na fita ta tsaga, ƙasa da zafi. Na juya mota ta fuskanci gida, na bar inji a kunne. Malam ya hau tudun kamar ango, ya soka ma'aunin zafin da ya aro a ɗakin shan magani. Abin ya fashe, ya ce hujja ta farko ke nan. Awa guda yana bayanin cikin ƙasa, takalminsa na roba na narkewa bai sani ba.

Sai ga wata tsohuwa da faranti a ka. Ta yi sallama, ta gaida yara, ta tsaya tana jira. Da ta ga bayanin ba mai ƙarewa ba ne ta ce, “Malam, ɗan matsa can, nan nika gasa dankalina.”

Ashe buntun shinkafa ne. Wani tsohon injin casa ya shekara yana zubarwa a wurin, ruwa ya rufe shi da laka, wuta na cin cikinsa tun kafin azumi. Yara suka zube ƙasa don dariya, kwanoni na gangarawa. Malam ya gyara riga ya ce su rubuta: ƙa'ida ɗaya ce, buntu ne kawai ya shiga tsakani. Mutum ɗaya ta rubuta, Hannatu, 'yar wani makaniki Kirista da ke Gesse.

Ranar Litinin aka karɓe ajin. A sito ya ƙare aiki, yana gadin tsintsiya da alli. Ni kuwa duk sanda na sayi gasasshen dankali sai na aika masa, in ce gaisuwa daga dutsensa. Shekara nawa ina yi, bai taɓa mayarwa ba, bai kuma taɓa cewa an gode ba.

Bara Hannatu, wadda yanzu ke koyar da ilimin duwatsu a jami'a, ta kai ɗalibanta dutsen Kamaru, ta kira shi a waya mai hoto don ya gani. Lokacin idanunsa sun tafi. Ya lalubo hannuna ya sa mini wayar.

“Aji Huɗu, mi kag gani?”

Na duba. Tudu ne da gajimare da ɗan siririn hayaƙi. Wallahi na Argungu ya fi shi kwarjini. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga yadda ya miƙo wuya. Na ce wuta ce har sama, ja kamar allinsa, duwatsu girman motar makaranta na tashi, ƙasa na gudu kamar kunu. Yana ji yana gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

Can ya ce, “Maƙaryaci. Hannatu ta riga ta gaya min yau hayaƙi ɗai shika yi.” Ya ƙara riƙe hannuna. “Ci gaba.”

Na ci gaba har cajin waya ya ƙare. Bai kai damina ba.

Allah ya jiƙan Sahabi, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini dankalin. Wutar da ya nema a duniya bai gani ba, ya Ubangiji, kada ka nuna masa ta lahira.